Zuƙa Uku a Tashar Showak

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tafi Doka neman fatawa ba, ko da zan manta da sunan kakana. Har yau in na ji 'yan tasha suna ihun "Doka! Doka!" sai in ji bayan wuyana ya ɗauki zafi. Amma bari in faro daga farko, kada ku ɗauka rana ɗaya hankali ya bar ni. A hankali ya riƙa tattara kayansa, shekara talatin da ɗoriya.

Ni tela ne a kasuwar Gadarif, jallabiya da wando nake ɗinkawa, kowa kuma Usta yake kirana, wato gwanin sana'a. Sigari na koya tun ina saurayi, a kambon gonar riɗi, wato sansanin leburori, inda wani ɗan iska ya ce min hayaƙinta na korar sauro. Sauron bai tafi ba, ita ce ta zauna. Daga nan zuwa furfura, babu irin dainawar da ban yi ba. Duk Ramadan ina dainawa, daga asuba zuwa magariba, mutane na buɗa baki da dabino ni ina bayan katanga da ashana a hannu. Ranar da aka haifi ɗanmu na fari, Usman, na yi wa matata Amna alkawari. Da aka haifi Sadiya na sake yi. 'Ya'ya shida, alkawari shida, har ta kai in ta haihu na shigo da fuskar alkawari sai ta ce, "Abu Usman, ka yi wa yaro huɗuba kawai."

Na gwada tumbak, wannan garin tabar da ake cusawa a ƙasan leɓe, jiri ya kwashe ni na kifa kan keken ɗinki. Na gwada tauna asuwaki, na yini ina tuƙa kamar akuya, muƙamuƙina ya yi ciwo, da yamma na sha kara biyu don in huce. Akwai ranar da zuciya ta ɗebe ni na jefa kwalin gaba ɗaya ta saman danga, ya faɗa gidan maƙwabci. Ba a yi awa ɗaya ba na je gaishe su, ni da na yi wata uku ban leƙa su ba, ina tambayar lafiyar iyali idona na yawo a ƙasa. Likita ma ya taɓa ɗaga min hoton ƙirjina ya nuna min da biro, ya yi min magana mai tayar da hankali. Na fito, kuma don in samu natsuwar yin tunani a kan maganarsa (Allah ya yafe min) a ƙofar asibitin na kunna.

To, wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wata ɗabi'a ta maƙwabtanmu Larabawa, wadda mu ma wasunmu suka kwasa: rantsuwa da saki. "Alayya talak," wato matata ta saku in ban yi kaza ba. Mutum zai rantse da saki don baƙo ya ƙara loma ɗaya, ko don a yarda cewa ragonsa ya fi na wani ƙiba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko ji ba ya son yi, in wani ya faɗa a gabansa tashi yake ya bar wurin. Ni ma shekara ashirin da uku da aure ban taɓa furta ta ba. Har ina yi wa masu yi dariya.

Ranar da abin ya faru, jallabiyar ango nake ƙarasawa, farin yadi mai tsada, sigari na maƙale a gefen bakina kamar kullum. A bencin shago akwai abokaina biyu: Adam, direban tarakta, da Jibrin mai gyaran rediyo, wanda Allah ya yi wa baki. Can gefe Hajja Sittana mai shayi tana fifita gawayinta. Ban ankara ba wuta ta faɗo daga bakin karan, ta sauka daidai kan ƙirjin rigar. Kafin in kai hannu ta huda. Kuma a daidai lokacin uban angon ya yi sallama.

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Dattijon nan ɗaga rigar ya yi, ya zura ɗan yatsansa ta hujin, ya juya shi kowa ya gani, sannan ya ce a hankali, "Usta, wannan tagar shan iska ce ka yi wa yaron?"

Aka kwashe da dariya har shagon maƙwabta. Jibrin ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Hajj, gobe zai daina. Kullum gobe yake dainawa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tofar da karan, na murtsuke shi da takalmi, na ɗaga yatsa sama, na ce da ƙarfi yadda duk layin teloli ya ji, "Alayya talak in na ƙara sa sigari a bakina!" Aka hau kabbara da tafi. Wallahi a wannan minti ji na yi na ƙara tsawo. Sai da na zauna, jini ya sauka daga kaina, na tuna cewa matar da na ɗora a kan maganar tana gida tana tuƙa mana tuwon rana, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Amma fa rantsuwar ta yi aiki, in faɗi gaskiya. Kwana arba'in da ɗaya ban taɓa ba. Na yi faɗa da kowa, na yi faɗa da allura, na yi faɗa da wani mai jaki don jakinsa ya kalle ni. Amna kuwa murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ta wanke labule, ta shanya katifa, ta turare ɗaki. Ta kira 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya a waya: "Abu Usman ya bari! Shi kaɗai, da ƙarfin zuciyarsa!" Da yamma in ta kawo shayi sai ta zauna kusa da ni a kan angarib, gadonmu na igiya, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Ta ce wai yanzu ne take jin ƙamshin mijinta. Na sha cewa yau zan faɗa mata batun rantsuwar, sai in ga fuskarta, in ce gobe.

Rana ta arba'in da biyu aka yi mana rasuwa a Showak, na tafi ta'aziyya. Na gama, na dawo tasha ina jiran motar Gadarif, rana ta take, ga gajiya, ga tunanin mamacin, sa'ana ne. Wani bawan Allah da ke zaune kusa da ni a inuwa, ban san shi ba, ya zaro kwali ya miƙo min yadda ake miƙa wa kowa, ya ce, "Itfaddal," wato bismillah. Ku yarda ko kada ku yarda, ba ni na karɓa ba. Hannuna ne ya karɓa. Shekara talatin yana wannan aikin, ba ya neman izinina. Mutumin ya ƙyasta min, na zuƙa, na sake zuƙa, ina ta kallon wata lori da ake lodi. A zuƙa ta uku ne abin ya faɗo min a ka.

Na yar da karan kamar kunama ce. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Mutumin ya zabura ya kama kafaɗata, yana tambaya ko wani ne ya mutu. Ta ina zan fara gaya masa cewa yanzun nan, a gaban idonsa, da ashanarsa, na saki matata?

Ban san yadda na iso gida ba. Amna ta tare ni da ruwan sanyi, tana tambayar yadda aka ji da haƙuri. Na kasa karɓar kofin daga hannunta, na ce ta ajiye a ƙasa. Tambaya ɗaya ke juyawa a kaina: wannan matar, yanzu matata ce ko ba matata ba? Na ce zafi ya yi yawa a ɗaki, na ja angarib ɗaya na koma rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida. In ta shigo ta nan sai in fita ta can. In gyalenta ya zame sai in kau da kai, ni da na ga haihuwarta shida. Abinci ya daina wuce min. Ta ɗauka ciwo ne, ta dafa min bagaruwa, ta jiƙa min karkade, wato zoɓo, ta ce ko sharrin barin sigari ne ke fita daga jikina, in daure. Kowace kulawa da ta yi min sai in ji kamar an soka min tsinke.

Sai kuma wata masifar ta ƙaru. A kwana na uku ina cikin sallar azahar shaiɗan ya raɗa min: shin "alayya talak" kawai ka ce, ko ka ƙara da "bit-talata"? Domin haka masu zafin kai suke cewa, da uku. In ɗaya ce akwai kome. In uku ce, shi ke nan, an rufe ƙofa an jefa mabuɗi a rijiya. Na yi ta juya ranar a kaina, ina ganin yatsan dattijo cikin huji, ina jin dariya, ina jin muryata, amma ƙarshen maganar ya ɓace. Sallar nan sai da na yi mata ƙabli da ba'adi, kuma ban tabbata ta yi ba.

Dole in tambayi waɗanda ke wurin, ba tare da su gane dalili ba. Adam ya tafi gona, lokacin yankan riɗi ne, wayarsa ba ta shiga. Na fara da Hajja Sittana. Na karɓi shayi, na yi dariyar ƙarya, na ce, "Hajja, kin tuna ranar da na yi rantsuwar nan? Me ma na ce?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ya Usta, a gaban murhun nan kullum sai an saki mata hamsin. Da ina riƙewa da na haukace."

Sai Jibrin. Na fi awa ina kewaye-kewaye, daga batun batir zuwa batun farashin yadi, kafin in jefa tambayar. Ya ajiye abin da yake kwancewa, ya zuba min ido.

"Bit-talata ka ce. Da kunnena na ji."

"Kai, Jibrin, ka ji tsoron Allah."

"Har yanzu yana min amo a kunne. Me ya sa kake tambaya?" Ya matso yana shinshina rigata. "Usta, ko dai...?"

"Ko dai me? Hira ce kawai, ya zol, bawan Allah!" Na tashi da sauri har na yi tuntuɓe da bencinsa. Na koma shago.

A kwana na bakwai Amna ta same ni a rakuba ina kallon ƙasa. Ta tsaya daga nesa, tana murza bakin gyalenta, ta ce, "Abu Usman, in wani laifi na yi maka ka faɗa min. Shekara ashirin da uku ba ka taɓa gudun inuwata ba." Na ce babu komai, kasuwa ce. Ta juya ta shiga ɗaki, na ji tana jan hanci. A ranar na tsani kaina fiye da yadda na taɓa tsanar kowa.

Malami nake bukata, amma duk malaman unguwarmu ni ke ɗinka musu riga, kuma kafin la'asar labari ya kai gidan kowa. Sai na tuna ana maganar wani tsoho a Doka, Faki Idrisa, mutuminmu ne, ya san fiƙihu, yana zama bayan sallar Juma'a yana amsa tambayoyi. Doka! Wa ya san ni a Doka? Na yaba wa kaina da wannan dabara ƙwarai. Abin da kaina bai haɗa ba shi ne, a lokacin yankan riɗi rabin mazan unguwarmu suna gonakin Doka. Na san suna can, amma na ce ai kambo na cikin daji, nesa da gari. Ni da na yi aikin kambo da ƙuruciya, na manta cewa ranar Juma'a ake ɗebo kowa a tirelar tarakta a kawo masallaci.

Na ce wa Amna zan je duba yadi. Na naɗa rawani har gira, na isa da wuri, na shige sahun gaba na sunkuyar da kai, ban waiga ko sau ɗaya ba. Ana sallamewa na bi Faki zuwa inuwar bishiyar da yake zama, na riga kowa durƙusawa a gabansa. Ina jin mutane na taruwa a bayana, na ce ba ruwana, baƙi ne. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya.

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne..."

Ya kai hannu bayan kunne. "Ɗaga murya, ɗana. Kunnen ya tsufa."

Na ɗan ɗaga. Ya ce bai ji ba. Na ƙara. Sai da na kai muryar mai tallan kankana sannan ya gyaɗa kai. Haka na zayyana labarin abokina tun daga hujin riga har tashar Showak, Doka na saurare.

"Abokin nan naka, mene ne sana'arsa?"

"Tela ne."

"Shekara nawa da auren?"

"Ashirin da uku. Da wata huɗu."

"'Ya'ya?"

"Shida."

"Zuƙa nawa ya yi?"

"Uku. Ta ukun ma bai haɗiye ba sosai."

Tsohon ya kalle ni ta saman tabarau. "Ka san abokin nan naka ƙwarai. To me ya hana shi zuwa da kansa?"

"Kunya, Malam."

"Ai kuwa sai ya zo. Maganar aure ba a yanke ta a bakin ɗan aike. Matar 'yar gidan wa ce? Tana da waliyyi a kusa?"

Ina cikin haɗa ƙaryar da zan yi, sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Gyaran muryar da na sani. Wata murya mai kauri ta ce, "Allah gafarta Malam, waliyyin na kusa. Abokin nan nasa, ƙanwata yake aure."

Na waiga. Yaya Haruna ne, wan Amna, uwa ɗaya uba ɗaya, shugaban leburori a wata gona, mutumin da tun ranar ɗaurin aurena ban taɓa ganin haƙoransa ba. Kusa da shi Adam, ya toshe baki da hula. Bayansu kuwa, ya Salam! Maƙwabcina na dama, mai naman unguwarmu, ladaninmu na da, 'ya'yan abokaina da na ɗinka wa rigar suna. Na ƙirga fuska goma sha wani abu na daina. Na roƙi Allah ƙasar Doka ta tsage, kuma ku sani baƙar ƙasar nan tana tsagewa da rani har ƙafa ta shige, amma ranar ko tsaga ɗaya ba ta yi min ba.

Faki Idrisa bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "To, alhamdulillahi, aboki ya iso. Tun ranar a ina kake kwana?"

"A rakuba."

Nan ne jama'a suka kasa daurewa. Wani har da faɗuwa kan na kusa da shi.

Faki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce saura magana ɗaya, ita ce babba: ɗaya na ce ko uku? Na ce ban sani ba, Jibrin ya ce uku. Hawaye na ji suna zubo min cikin gemu, a gaban yaran da na haifi kamarsu, kuma ban iya tsayar da su ba. Sai Adam ya matso ya durƙusa.

"Malam, ina wurin. Ɗaya ya ce, wallahi. Jibrin ne ya yi ta ihu yana cewa, ƙara bit-talata in ka isa! Shi kuwa bai ƙara ba, zama ya yi. Muryar kansa Jibrin yake ji a kunne."

Wani matashi daga baya ya ce shi ma yana shagon kusa ranar, haka aka yi. Yana faɗa sai abin ya dawo min tar, har yadda Jibrin ya buga benci. Na ce, "Haka ne! Haka ne, Malam!" kamar wanda ya ci gasa. (Jibrin kuwa na yi wata biyu ban amsa sallamarsa ba.)

Faki ya ce a karatun da ya gada, saki ɗaya ya auku tun a Showak. Ya ce akwai masu duba niyya su sassauta, amma shi ba ya wasa da aure, in je in mayar da matata a gaban shaidu, tana cikin idda. Ya ɗaga yatsu biyu ya ce, "Saura waɗannan a hannunka. Ka ɓarar da ɗaya a kan hayaƙi." Sannan ya ƙara da abin da ban zata ba: rantsuwar ta riga ta karye, ta tafi. Daga yau ko kwali goma na sha, babu abin da zai taɓa auren.

Na ce ko za a iya mayar da ita daga nan, ga shaidu sun cika, ba sai an tayar mata da hankali ba? Yaya Haruna ya ce, "Tashi mu je." Kujera ɗaya muka zauna a mota, shi da ni da Adam a gefe. Daga Doka har Gadarif idonsa na kan hanya. Ni kuwa ina ta shirya jawabi, in gyara nan in rushe can.

Mun iso rana na shirin faɗuwa. Amna na tankaɗe a tsakar gida. Da ta ga wanta da ƙurar gona a jikinsa ta miƙe a tsorace, ta ce, "Yaya, lafiya? Wa ya rasu?" Ya ce babu wanda ya rasu, ta kora yara gidan maƙwabta, mijinta na da magana. Jawabin da na shirya ya gudu. Na faɗa mata a karkace, ina in'ina, idona kan rariyar da ke hannunta.

Ba ta yi kuka ba, kuma na fi son ta yi. Ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallona.

"Kwana nawa ke nan?"

"Tara."

"Kwana tara ina dafa wa baƙo bagaruwa." Ta gyaɗa kai. "Kwana tara ina bin kaina da bincike, ina cewa me na yi wa bawan Allahn nan."

"Amna, wallahi hannuna ne..."

"Ban tambaye ka zuƙar ba. Zuƙa kam na saba, tun ina amarya nake shaƙa. Rantsuwar nake tambaya. Kana da keken ɗinki. Kana da shago. Kana da gemu. Duk ba ka ga abin ɗorawa ba sai ni?" Ta juya wajen wanta. "Yaya, ni ina nan ina kiran dangi ina yabon ƙarfin zuciyarsa, ashe ni aka jingina."

Yaya Haruna ya ce in faɗi abin da ya kawo mu. Na ce na mayar da matata Amna, shi da Adam suka ce sun shaida. Na ɗauka an gama. Sai ta tambayi Adam ko gaskiya ne yanzu sigari ba ta taɓa aurenta, ya ce haka Faki ya ce. Ta yafa gyale ta fita. Muna zaune kamar masu zaman makoki sai ga ta ta dawo daga kantin bakin layi. Matar da ko kwalin ba ta son taɓawa, ta je da kanta ta sayo kara ɗaya da ashana. Ta ajiye su a kan tabarma a gabana.

"Kunna."

"Haba, Amna."

"Kunna mana, Abu Usman. Ba rantsuwa, ba saki, ba kowa sai mu. Shekara ashirin da uku kana ɓuya da ita a bayan katanga. Yau ina so in zauna in kalli abin da aka ba da ni a kansa."

Na kalli karan nan. Ɗan siriri, fari, ya ɗan lanƙwashe don ta matse shi a tafin hannu. Kuma don in cika muku gaskiya, raina ya so shi. A cikin wannan hali, a gaban wanta, bayan duk abin da ya faru, miyau ya taru a bakina. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, ya fi Doka, ya fi Showak. Hannuna har ya motsa, na danne shi da ɗayan a kan gwiwa. Ta ga motsin. Idonta ya ciko.

Ban kunna ba. Ban yi alkawari ba kuma, don ta ce in na sake yi mata alkawari ko rantsuwa gidan Yaya za ta tafi. Na ƙara sati uku a rakuba, wannan karon ba da zaɓina ba.

Yau shekara biyu da wani abu ban sha ba. Ba na cewa na daina, na gaji da jin kalmar a bakina. A kasuwa har yanzu in na wuce sai wani ya ce, "Usta, ya abokinka?" in yi kamar ban ji ba. Sha'awar kan zo, musamman bayan cin abinci, amma tare take zuwa da fuskar Amna a kan turmi, sai in nemi ruwa in sha.

Matasa kan zo shago su tambaye ni sirrin. Nakan ce musu abu biyu na sani. In za ka bar sigari, ka bar ta bakinka a rufe. In kuma dole sai ka rantse, ka rantse da abin da yake naka, wanda in ya tafi kai kaɗai za ka yi kuka. Rannan wani baƙo ya yi min tambayar a gida, na gyara zama na ce masa ai ƙarfin zuciya ne kawai. Amna na zuba masa shayi, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ƙwarai kuwa. Tambaye shi zuciyar wa."